Kurakuran da masu sayen turare ta intanet ke ta maimaitawa a Sakkwato

Da zarar azumi ya raba tsakiya, ko aka shiga hidimar haɗa lefe, ƙorafin masu sayen turare ta waya iri ɗaya ne a garin nan. An tura kuɗi kaya bai zo ba. Ko ya zo, amma ba shi aka nuna a hoto ba. Ko an fesa, kafin a kai bakin titi ƙanshin ya bi iska. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yawancin asarar nan aikin minti goma kafin tura kuɗi ya isa ya hana ta.

Kuskure mafi tsada shi ne biyan kuɗi kafin a rubuta abin da aka saya. Mutum ya ga hoto a Instagram ko TikTok, ya kira, a yi ciniki da baki, a turo masa lambar asusu, shi ke nan. Ranar da rigima ta tashi ba shi da abin nunawa sai hoton kwalba, kuma hoton nan a shafin kamfanin aka ɗauko shi. Ni ba na yarda a rufe ciniki sai a rubuce, a WhatsApp ko a shafin da aka ga tallar, kuma saƙon ya ƙunshi komai. Misali: "Hajiya, barka da yini. Don Allah ki tabbatar mini a rubuce: sunan turaren da kamfaninsa, mil 100 ne, Eau de Parfum ne, orijina ne a kwalinsa da ledarsa ba a buɗe ba, nawa ne har kuɗin mota zuwa Sakkwato, kuma idan ya fashe a hanya ko ya zo ba shi ba, ke za ki canza." Mai gaskiya za ta amsa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ce "haba, ai mun wuce haka" ko ta koma kiran waya, ta riga ta ba ka amsa.

Sannan ka duba sunan da ya fito a asusun kafin ka danna. Shago mai suna ɗaya, asusu mai wani sunan daban, aka ce "na ƙanena ne", a nan nake tsayawa. Ba kowane ƙaramin ɗan kasuwa ke da asusun kasuwanci ba, na sani, amma aƙalla sunan asusun ya dace da mutumin da kake magana da shi. Idan ya ce yana da rajista, shafin hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista yana ba kowa damar binciken sunan kasuwanci. A Instagram kuma akwai wurin bayanin shafi da ke nuna lokacin da aka buɗe shi da ko ya taɓa canza suna. Shafin da aka buɗe watan jiya, aka rufe wurin tsokaci, mabiya dubbai amma babu mai magana, ba na kusantarsa. Hotunan alat da na godiyar kwastoma ba shaida ba ne, kowa na iya haɗa su. Abin da ba a iya haɗawa cikin sauƙi shi ne kiran bidiyo: ya ɗauko kwalin a hannunsa, ya juya shi, ya nuna maka gindinsa. Cinikin farko kuma ya zama kwalba ɗaya, ba turaren lefe gaba ɗaya ba. Inda ake karɓar biya bayan kaya ya iso, zaɓi wannan ko da ya ɗan fi tsada.

A manyan kasuwannin intanet irin su Jumia da Konga, ka tuna cewa yawancin kaya na 'yan kasuwa daban-daban ne da ke sayarwa a ƙarƙashin shafin. Duba sunan mai sayarwar da makinsa, ka karanta sharaɗin mayar da kaya kafin ka saya, domin kwanakin kaɗan ne, kuma turaren da aka yage ledarsa yana da wuyar mayarwa. Idan mai kaya ya ce ku fita daga shafin ka biya shi kai tsaye zai yi maka ragi, kariyar shafin ce yake raba ka da ita.

Sai kwaɗayin araha, wanda ke tafiya da rashin sanin abin da ake saye. Kaya uku ne a kasuwa, mutane na cakuɗa su. Akwai orijina. Akwai na kwaikwayon ƙanshi, wanda wani kamfani ya yi da sunansa da kwalbarsa, kamar yadda Club de Nuit Intense na Armaf ya shahara da kama da Aventus na Creed. Wannan halastaccen kaya ne, kuma da yawa daga turarukan Daular Larabawa irin na Lattafa da Armaf suna da kyau a farashinsu. Na uku shi ne jabu, mai satar suna da kwali. Shi ne abin gudu, domin ba ka san da me aka haɗa shi ba, kuma fatarka za ka zuba wa. Kada ka ce ai na Dubai mai arha ne ba a yin jabunsa. Duk abin da ya yi kasuwa ana yi. Kafin ka saya, tambayi farashin a wurare uku, har da masu shago a Babbar Kasuwa. Wanda ya faɗo rabin kuɗin sauran yana cewa "testa ne" ko "kayan kwastan ne", ka bar masa. Testa na gaskiya, wato kwalbar gwaji da ake ajiyewa a shago don masu saye su shinshina, akwai shi, yakan zo a farin kwali ko mara ado, wani lokaci babu murfi, amma ragin da ke kansa ba ya kai haka, kuma babu ɗan kasuwar da ke da testa katan-katan.

Rubutun jikin kwalba ma a karanta. Parfum yakan ɗauki man ƙanshi wajen kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, Eau de Parfum 15 zuwa 20, Eau de Toilette 5 zuwa 15, Eau de Cologne kuwa 2 zuwa 4. Suna ɗaya na iya zuwa a nau'i biyu da farashi biyu. Wanda ya biya kuɗin Eau de Parfum aka kawo masa Eau de Toilette an cuce shi ko da orijina ne.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni haushi. Kaya ya iso tasha, a aiki yaro ya karɓo, a yage leda ana murna, a jefar da kwali, a fesa wa kowa a gida. Bayan kwana uku a gane jabu ne, sai a ce "na bar shi da Allah". Haƙuri abu ne mai kyau, amma shirun nan shi ke ba macuci damar cutar na bayanka, kuma kai da hannunka ka lalata shaidarka. Ba haka ake yi ba! Kunna bidiyo tun ƙunshin na rufe, ka nuna takardar webil, ka buɗe ba tare da yanke ɗaukar ba. Kafin ka cire leda, duba ta: ta kamfani takan matse kwali, naɗinta a tsare, ba a cukurkuɗe da gam ba. Karanta rubutun kwali ka nemi harafin da ya karkace ko kalmar da aka rubuta ba daidai ba. Muhimmin abu shi ne lambar zubi, wato lambar rukunin da aka haɗa turaren a ciki, wadda ake bugawa a gindin kwali da gindin kwalba. Dole su zama iri ɗaya. Idan sun bambanta, ko an kankare ɗaya, ko an liƙa sitika a kai, kada ka fesa, ka tura bidiyon nan take. Sai dai dacewar lamba kaɗai ba ta wanke kaya, masu jabu ma suna kwafa. Haɗa da sauran alamu: murfin da ba ya zama daram, bututun ciki da ya yi tsawo har ya lanƙwashe, ruwa mai gurɓata ko laka a ƙasa, warin sinadari mai hawa kai da ba ya lafawa bayan minti ɗaya ko biyu.

Kuma ka san doka na bayanka. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar CPC, ta ba mai saye haƙƙin mayar da kayan da bai dace da bayanin da aka yi masa ba ko wanda ke da lahani, a canza masa ko a biya shi. Rubutun nan na "ba a mayar da kaya bayan an saya" ba ya soke wannan haƙƙi idan kayan jabu ne ko ba shi aka yi ciniki ba. Dokar ba ta ce ka mayar don kawai ƙanshin bai yi maka ba, wannan kuma kai ka zaɓa ba ka shinshina ba. Matakin farko, rubuta wa mai kaya cikin ladabi, ka haɗa bidiyo da rasit, ka ba shi wa'adi. Idan ya ƙi, shigar da ƙorafi a shafin FCCPC da hotunan hirarku da shaidar biya. Idan kuwa ya karɓi kuɗi ya toshe lambarka, wannan damfara ce: sanar da bankinka a ranar, ba gobe ba, domin kuɗin ba ya kwana a asusu ɗaya, ka karɓi lambar ƙorafi, ka kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Banki ya yi mako biyu bai warware ba, kana iya kai kuka sashen kare masu mu'amala na Babban Bankin Najeriya. Turaren da ya ƙona fata ko ya tayar da ƙuraje kuma, NAFDAC ce ke kula da kayan kwalliya, ita za a kai wa, da kwalbar da kwalin. Ban ce kullum kuɗi na dawowa ba. Amma wanda ba shi da rubutu da bidiyo bai ma fara ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna ci. Zafin Sakkwato a Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, kayan da ya kwana biyu a but ɗin mota daga Legas ko Kano ya sha wuya, don haka ka ce a naɗe murfi da salatif a sa a kwali mai tauri, ka karɓa ranar da ya iso. Ni nakan bar shi ya huta kwana biyu a inuwa kafin in yanke masa hukunci. Kada ka ajiye shi a mota ko bakin taga. Girgiza kwalba a ga kumfa ba gwajin gane jabu ba ne, a daina. Hancinka kan saba da ƙanshi cikin ɗan lokaci, tambayi wani kafin ka ce ya gudu. Da hunturu busasshiyar fata ba ta riƙe turare, shafa mai mara ƙanshi tukuna.

Masu sayen na mai kuma, tola wajen mil 12 ce, rabi 6, rubu'i 3, a faɗa maka mil ba "ƙaramar kwalba" ba. Man udu tsantsa yana da tsadar gaske, wanda ake sayarwa da arha haɗi ne, ba laifi idan an faɗa. Humra da turaren wuta na haɗin gida ba su da lambar zubi da za ka duba, saboda haka sayi ɗan kaɗan, ka shafa humrar a cikin gwiwar hannu ka bari ta kwana, turaren wutar kuma ka sa a garwashi ka ji ko ƙauri ne ke biyo bayan hayaƙin farko, kafin ka ba da odar na amarya.