Yadda Za Ka Tsara Hotunan Wayarka, Ka Adana Su, Ka Tura Su Ba Tare da Sun Dusashe Ba

Yawancin hotunan da suka cika wayoyin mutane a Sakkwato ba masu wayar ne suka ɗauke su ba. Daga zaurukan WhatsApp suke kwararowa: barka da Juma'a, katin gayyatar ɗaurin aure, tallar atamfa da shadda, bidiyon wa'azi na minti ashirin wanda ya shigo ta zaure huɗu daban-daban. A cikin wannan tarin ne hoton sunan ɗanka da na marigayi mahaifinka suke nutsewa, kuma ranar da waya ta ce wuri ya ƙare, mutum cikin gaggawa sai ya goge mai amfani tare da marar amfani. Saboda haka kafin a zo maganar tsari, a fara toshe inda ruwan ke shigowa.

Buɗe WhatsApp, ka shiga Settings, sannan "Storage and data". Ƙarƙashin "Media auto-download" akwai layi uku: na lokacin da kake kan datar layinka, na Wi-Fi, da na lokacin da layinka ya hau sabis ɗin wata ƙasa. Shiga kowanne ka cire alamar da ke kan hotuna, sauti, bidiyo da takardu. Daga nan, ban da saƙon murya, babu abin da zai sauka sai wanda ka taɓa da yatsanka. Masu zuwa cin kasuwar Illela su kula da layi na ukun, domin a bakin iyaka waya kan kama sabis ɗin Nijar. Sai ka koma "Chats" ka kashe "Media visibility", don hotunan zaure su daina cakuɗuwa da naka a cikin Gallery. Wannan saitin sababbin hotuna kawai yake shafa, tsofaffin suna nan.

Tsofaffin kuma ana share su ne ta "Manage storage". A nan WhatsApp ya ware maka kaya masu nauyin da ya wuce MB 5, da waɗanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu, a ƙasa kuma ya jera zaurukan bisa girman wurin da kowanne ya ci. Fara da bidiyo, shi ne mai cin wuri. Hoto ɗaya na kyamarar waya yakan kai MB 3 zuwa 5, amma bidiyon minti ɗaya mai kyau yakan haura MB 100, ke nan bidiyon minti goma ya cinye wurin hoto kusan 300. Zauren dangi kam kada ka danna "zaɓi duka" a kansa. Bi shi ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa a nan ne kaɗai hoton wata gwaggo da ta rasu ya rage.

Ware naka

Hotunan da ka ɗauka da kanka suna zaune a folda mai suna Camera, cikin wata mai suna DCIM. Su ne na asali, su ne abin tsarewa. Ka zauna da su ka rage: in ka ɗauki hoto goma na tawagar Sarkin Musulmi ranar Sallah, buɗe kowanne, ka faɗaɗa shi da yatsu biyu har fuska ta cika fuskar wayar, ka bar biyu da suka fi fitowa ras. A ƙaramin gani duk kyau gare su, sai an faɗaɗa ake gane wanda hannu ya girgiza. In kuma ka ga hotunanka duk sun yi fari-fari kamar da hayaƙi, musamman lokacin hunturu, ba kyamarar ce ta lalace ba, ƙura da maiƙon yatsa ne a kan gilashin. Goge shi da ƙyalle mai laushi, kada da bakin riga mai sitaci ko mai aikin zare.

Wajen sa wa albam suna, fara da shekara: "2024 Babbar Sallah", "2025 Auren Yaya", "2025 Yaye Ɗalibai UDUS". Da haka suna jeruwa da kansu. Albam takwas ko goma sun ishi yawancin mutane. Wanda ya buɗe arba'in, bayan wata biyu ya daina bin su. Amma albam ɗaya ya zama dole, wato na takardu: takardar NIN, katin zaɓe, sakamakon WAEC ko NECO, takardar fili, katin asibiti. Ɗan kasuwa ya ƙara biyu, na hotunan kaya da na rasit ɗin turin kuɗi, ya riƙa share na rasit ɗin da zarar an rufe lissafi.

Akwai bambancin da ke ruɗa mutane a nan. A Gallery na wayoyi irin su Tecno, Infinix da Itel, buɗe albam yakan zama buɗe sabuwar folda ce, wayar ta tambaye ka ko a kwafa hoton ko a matsar da shi. In ka ce a kwafa, ya zama biyu, ya ci wuri ninki biyu. A Google Photos kuwa albam lakabi ne kawai, hoton ɗaya ne ko da ya bayyana a albam biyar. Cire shi daga albam ba ya goge shi, amma jefa shi a kwandon shara yana ɗauke shi daga duka biyar ɗin. Ka kuma duba cewa kwanan wata da lokacin wayarka suna kan saitin atomatik, domin da su ake jera hotuna. Wayar da ta koma wata tsohuwar shekara bayan an yi mata gyara, hotunan jiya za ta kai su can ƙasan na shekarun baya, mai ita ya zaci sun ɓace.

Kwafi na biyu

A rumfunan masu gyaran waya kullum ana jin magana iri ɗaya. "Malam, hotunan ɗiyata na biki duk sun tahi." Mai gyara ya ce, "Hajiya, wa ya buɗe maki imel?" Nan maganar ke tsayawa, domin yaron shagon da aka sayi wayar ne ya buɗe, kuma ba wanda ya riƙe kalmar sirrin. Wannan ita ce babbar ɓarakar. Yau ɗin nan ka shiga Settings na wayar, ka taɓa Google, ka ga adireshin Gmail da ke kan wayarka. Canja kalmar sirrin zuwa wadda kai kaɗai ka sani, ka sa lambar layin da kake amfani da shi kullum a matsayin lambar ceto, ka rubuta adireshin da kalmar a littafi ka ajiye a gida. Kada ka sa layin da ka jefar a aljihun tebur. Layin da ya daɗe ba ya aiki kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani.

Sannan buɗe Google Photos, ka taɓa hoton da'irar da ke sama ta dama, ka kunna "Backup". Google na ba kowane asusu GB 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne ke raba su, kuma tun 1 ga Yunin 2021 duk hoton da ka ɗora yana cikin lissafin. In kowane hoto MB 4 ne, wurin zai ɗauki kusan 3,700. Zaɓi "Storage saver" ya fi dacewa da yawancin mutane: yana matse hoto zuwa megafiksel 16, bidiyo zuwa 1080p, kuma ido ba ya ganin bambancin a waya. Tun 2024 ajiyar hirarrakin WhatsApp ma cikin GB 15 ɗin take shiga, don haka kashe "Include videos" a saitin ajiyar WhatsApp, in ba haka ba wata rana imel ɗinka zai daina karɓar saƙo saboda wuri ya cika.

Ɗorawar farko ita ce mai cin data. Yi ta inda akwai Wi-Fi, ko ka sayi datar dare ka bar wayar a caji. Manhajar ba ta ɗora komai da datar layi sai ka ba ta izini a saitinta, kuma foldar Camera kaɗai take ɗauka. Hotunan WhatsApp da na fuskar waya sai ka kunna su a "Back up device folders". Kada ka yarda an gama sai ka ga ta rubuta "Backup complete".

Ga tarkon da ya fi kama mutane. Wani zai ga hotunansa sun hau, sai ya shiga Google Photos ya yi ta gogewa don ya sami wuri a waya. Gogewa daga nan tana share hoton a waya da intanet gaba ɗaya. Hanyar da ta dace ita ce "Free up space", wadda ke cire kwafin waya kawai na hotunan da aka tabbatar sun hau. In an riga an yi kuskuren, a duba kwandon shara: hoton da ya hau yana zama kwana 60 a ciki, wanda bai hau ba kwana 30. Asusun da aka bari shekara 2 ba a shiga ba kuma Google na iya rufe shi da duk abin da ke ciki, don haka a riƙa leƙa asusun tsofaffi da na mamatan da aka gaji wayarsu. Masu iPhone su sani iCloud GB 5 kawai yake bayarwa kyauta, kwandonsa kuma kwana 30.

Memori yana da amfani, amma kada ya zama shi ne kaɗai ma'ajiyarka. Na jabu sun yi yawa: a jikinsa an rubuta GB 64, waya ma ta nuna 64, alhali ainihin cikinsa bai wuce 8 ba. Yana karɓar kaya lafiya har ya cika na gaskiyar, daga nan sai hotuna su riƙa fitowa rabi toka-toka ko su ƙi buɗewa. Gwada sabo kafin ka amince masa: cika shi da manyan bidiyo, ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. In waya ta tambaye ka yadda za a yi amfani da shi, zaɓi ma'ajiyar da ake iya cirewa. In ka haɗe shi da cikin wayar, to ita kaɗai za ta iya karanta shi, ta mutu ya mutu. Zafin Sakkwato na Maris zuwa Mayu, da ke haura digiri 40, ba ya yi wa batir da memori daɗi, don haka kada a bar waya a gaban mota ko a kan tankin babur. Ranar da memori ya ce sai an yi masa fomat, kada ka amsa, kada kuma ka ƙara ɗaukar hoto a kansa. Cire shi ka kai a gwada kwashe kayan a kwamfuta. Fulash mai bakin da ke shiga waya kai tsaye ya isa kwafin gida. Kwafa tukuna, ka buɗe ka gani, sannan ka goge na waya.

Turawa

Hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba ba shi ne na asali ba. Ana matse shi zuwa wajen fiksel 1,600 a dogon gefensa, nauyinsa ya koma 'yan KB ɗari. A waya ba laifi, amma wanke hoto mai inci 4 da 6 ma yana son fiksel 1,200 da 1,800 kafin ya fito tsaf. Shi ya sa kalandar biki da bana kan fito da fuskar amarya a dusashe, a ɗora wa mai bugawa laifi, alhali hoton ya bi ta waya uku kafin ya iso hannunsa. Alamar HD da ke saman hoto kafin ka tura tana rage ɓarnar. In don bugawa ne, taɓa alamar maƙala fayil da ke wurin rubuta saƙo, ka zaɓi "Document", ka ɗauko hoton daga nan. Zai tafi yadda yake, kuma hanyar na ɗaukar fayil har GB 2. Mai iPhone ya lura cewa hotunansa nau'in fayil ne mai suna HEIC, wasu kwamfutocin shaguna ba sa buɗe su. A saitin kyamara, ƙarƙashin "Formats", ya zaɓi "Most Compatible".

In kuna wuri ɗaya, ba sai an ƙona data ba. Xender ko Quick Share suna kwashe ɗaruruwan hotuna cikin 'yan mintoci ba tare da matsewa ba. Bluetooth a bar shi ga hoto ɗaya ko biyu. Na biki ko walima, mutum ɗaya ya buɗe albam na tarayya a Google Photos, ya ba 'yan uwa damar ƙara nasu, ya tura mahaɗin albam ɗin (link) ga waɗanda abin ya shafa. Sai dai duk wanda mahaɗin ya faɗa hannunsa zai ga komai, saboda haka a kashe shi bayan kowa ya sauke.

Hotunan mata a wajen ƙunshi da kamu da sauran shagalin cikin gida amana ce. Ki tambayi mai hoton kafin ki ɗora ta a sitetus, ko da ƙawarki ce ta ƙut da ƙut, domin awa 24 sun ishi kowa ya kwafa. Tura hoto a matsayin mai buɗuwa sau ɗaya yana hana ɗaukar hoton fuskar waya, amma ba ya hana a ɗauke shi da wata wayar. Hoton da aka tura ta "Document" kuma yana tafiya da duk bayanansa, har da wurin da aka ɗauke shi in saitin wuri na kyamara a kunne yake. Kashe shi kafin ka ɗauki hoton kayan sayarwa a cikin gidanka.

Kafin ka miƙa waya ga mai gyara ko mai caji, kulle ta ka cire memori. Hotunan sirri su shiga "Locked Folder" na Google Photos, amma ka kunna masa tasa ajiyar daban, in ba haka ba wanke waya zai tafi da su. In sayar da ita za ka yi, shiga photos.google.com daga wata wayar ka tabbatar hotunanka suna can, ka cire asusun Google daga tsohuwar, ka zare layi da memori, sannan ka mayar da ita saitin kamfani.