VPN ɗinka ya nuna ya haɗu, amma ka duba ko yana yoyo?

Jama'a akwai abin da mutane da yawa ba su gane ba game da VPN, wato manhajar da take ɓoye adireshinka da abin da kake yi a intanet. Wannan ɗan makullin da yake fitowa a saman waya, ko koren rubutun da manhajar take nuna maka cewa ta haɗu, ba shi ne shaidar ka ɓuya ba. Abin da yake nufi kawai an buɗe hanya tsakanin na'urarka da sabar kamfanin VPN ɗin, wato kwamfutarsu da bayananka suke bi ta ciki, amma ko duk abin da kake yi ta cikin hanyar yake bi ko wani yana zillewa ta gefe, wannan kam sai ka gwada da kanka. Bari mu fara da ƙin haɗuwa tunda shi ya fi damun mutane, sannan mu zo kan yoyon.

In ka danna ya tsaya yana ta juyawa ya ƙi haɗuwa, kafin ka fara zagin kamfanin kashe VPN ɗin ka buɗe kowane shafi ka gani ko intanet ɗin ma tana aiki. Wallahi sau da yawa data ce ta ƙare ko netwok ne ya sauka. In kuma wayfay ɗin otal ne ko filin jirgi, irin waɗannan suna da shafin da sai ka shiga ka amince da sharuɗɗansu kafin su sake ka, to VPN yana tare wannan shafin, shi kuma shafin yana tare VPN, kowa ya riƙe kowa. Kashe shi, ka gama da shafin, sannan ka kunna.

Sai agogo. Abin kamar wasa amma in kwanan wata ko lokacin na'urarka ba daidai ba ne, takardar shaidar da saba take nunawa za ta zama kamar ta ƙare ko lokacinta bai yi ba, sai haɗuwar ta watse ba tare da wani bayani mai ma'ana ba. Ka sa agogon ya riƙa saita kansa.

In duk wannan lafiya lau, to ka shiga setin ka canza furotokol, wato tsarin da VPN yake bi wajen haɗuwa, a nan ne yawancin maganin yake. WireGuard shi ne sabo kuma mai sauri, Jason Donenfeld ne ya ƙirƙiro shi kuma an saka shi cikin Linux a 2020, sai dai ta UDP kaɗai yake tafiya (UDP da TCP hanyoyi biyu ne na tura bayanai a intanet), yawanci ta ƙofa mai lamba 51820, don haka duk netwok ɗin da ya toshe UDP ya gama da shi. IKEv2 yana bin ƙofa 500 da 4500, yana da kyau a waya saboda in ka tashi daga wayfay ka koma data ba ya saurin yankewa, amma shi ma toshe shi ba wuya. OpenVPN tsoho ne tun 2001, asalin ƙofarsa 1194, amma abin da ya sa har yau ba a yar da shi ba shi ne za ka iya mai da shi TCP ta ƙofa 443, ƙofar da duk shafukan https suke bi, mai netwok ba zai rufe ta ba sai dai in yana so ya rufe intanet ɗin gaba ɗaya. Zai ɗan rage gudu amma yawanci zai haɗu. PPTP kuwa in ka gan shi a jerin ka wuce kawai, an daɗe da fasa shi, Apple ma sun cire shi tun 2016.

Akwai wata matsalar da ta fi ban haushi, ya haɗu lafiya, saƙo yana shiga yana fita, amma wasu shafukan su buɗe rabi su tsaya ko hoto ya ƙi sauka. Wannan yawanci MTU ne, wato girman ƙunshin bayanan da ake turawa a lokaci ɗaya. Netwok na yau da kullum 1500 yake ɗauka, VPN kuma yana ƙara nasa lulluɓin a kai shi ya sa WireGuard yake farawa da 1420, to wasu layukan ko wannan ya yi musu yawa sai manyan ƙunshi su riƙa faɗuwa ƙananan suna wucewa. Rage shi zuwa 1380 ka gwada, in bai yi ba ka sauka 1280, kar ka yi ƙasa da haka don IPv6, sabon tsarin lambobin adireshi na intanet, ba ya aiki ƙasa da 1280.

A Windows in ya haɗu amma babu intanet sam, buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni, a matsayin admin ka rubuta ipconfig /flushdns, in bai warware ba netsh winsock reset sannan ka kashe kwamfutar ka kunna. Kuma in ka taɓa saka VPN biyu ko uku a baya ka cire waɗanda ba ka amfani da su, kowanne yana barin nasa adaftar, wato abin da kwamfuta take haɗuwa da netwok ta cikinsa, kuma suna rigima da juna. Antibairos ma yana shiga tsakani wani lokaci. A Android in yana yankewa da zarar allo ya mutu, tsarin tattalin batir ne yake kashe manhajar, cire ta daga ciki shikenan.

Toh yanzu yoyo. Gwajin ba shi da wahala, ka kashe VPN ka shiga ipleak.net ko dnsleaktest.com ko browserleaks.com, ka rubuta lambar IP ɗinka, wato adireshinka a intanet, da sunan kamfanin da ya ba ka intanet a wani waje. Sai ka kunna VPN ka sake shiga. Duk inda ka sake ganin tsohuwar lambar nan ko sunan kamfanin layinka, ko da a can ƙasan shafin ne, to akwai ɓaraka.

Wanda ya fi yawa shi ne yoyon DNS. Duk sunan shafin da ka rubuta sai na'urarka ta tambayi wata saba lambarsa kafin ta je, shi ne ake kira DNS, in wannan tambayar ta fita ta wajen VPN to mai layinka ba zai ga abin da kake karantawa ba amma yana da jerin sunan duk shafin da ka leƙa da lokacin da ka leƙa, ai kuwa an yi ba a yi ba kenan. Windows ya fi kowa wannan hali, tun daga Windows 8 suka saka wani tsari da yake tura tambayar ta adafta fiye da ɗaya don neman sauri. Yawancin manhajoji masu kyau suna da maɓallin kare DNS a setin, kunna shi. In kuma fayil ɗin OpenVPN kake amfani da shi kai tsaye, ƙara layin block-outside-dns a ciki. Ka kuma duba burauzarka, Chrome da Firefox suna da nasu DNS ɗin daban, Android ma yana da Private DNS tun daga Android 9, waɗannan za su iya sa gwajin ya nuna maka Google ko Cloudflare maimakon kamfanin VPN ɗin. Wannan bai kai na farko muni ba, amma dai ka san cewa wani na uku ne yake amsa tambayoyinka.

Na biyu IPv6. Wasu VPN ɗin IPv4, wato tsohon tsarin lambobin, kawai suke ɗauka, in layinka yana ba da IPv6 duk shafin da yake da shi sai na'urar ta tafi can kai tsaye da ainihin lambarka, makullin kuma yana nan a sama yana haske abinsa. In gwaji ya nuna wata doguwar lamba mai haruffa da ɗigo bibbiyu kuma ta layinka ce, ko dai ka kunna toshe IPv6 a manhajar ko ka kashe shi a setin adaftar.

Na uku WebRTC, fasahar da take sa a yi kiran bidiyo a cikin burauza. Tun 2015 aka nuna cewa shafi zai iya amfani da ita ya gano lambarka ta gaskiya. Burauzoji sun gyara wani ɓangare amma ka gwada dai. A Firefox rubuta about:config ka nemo media.peerconnection.enabled ka mai da shi false, sai dai ka sani kiran bidiyo ta burauzar zai daina aiki har sai ka mayar. Kuma masu amfani da ɗan ƙarin VPN na cikin burauza su sani burauzar kaɗai yake rufewa, sauran manhajojin duk a fili suke.

Amma ni a ganina yoyon da ya fi haɗari shi ne na lokacin yankewa, saboda gwajin da ka yi kana zaune lafiya ba zai nuna shi ba. Netwok ya ɗan girgiza na daƙiƙa biyar, VPN ya faɗi, na'urar ba ta tambaye ka ba ta koma layinka kai tsaye, duk manhajojin da suke aiki a bayan fage suka fita da ainihin lambarka, kafin ka lura ya sake haɗuwa kamar ba abin da ya faru. Maganinsa shi ne kill switch, wato in VPN ya faɗi intanet ɗin ma ta tsaya cak. Kuma abin mamaki manhajoji da yawa a kashe suke kawo shi. A Android gara ka yi amfani da na cikin wayar kanta, ka shiga setin VPN ka kunna Always-on VPN da kuma Block connections without VPN, don wannan ko manhajar ta mutu yana nan. Ka gwada shi ma, ka bar shafin gwajin a buɗe ka canza saba ko ka kashe manhajar da ƙarfi kana sabunta shafin, in ya buɗe a tsakanin to bai riƙe ba.

Masu iPhone ku ma akwai naku. A 2020 kamfanin Proton ya bayyana cewa iOS ba ya yanke haɗin da yake buɗe kafin a kunna VPN, suna ci gaba da tafiya ta waje. Dabarar da suka bayar ita ce bayan ka kunna VPN ka sa wayar a yanayin jirgin sama ka cire, don komai ya sake haɗuwa ta ciki, duk da su ma ba su ce tana aiki ɗari bisa ɗari ba. A 2024 kuma masu bincike na Leviathan Security suka fito da harin da suka kira TunnelVision, inda mai riƙe da wayfay zai yi amfani da zaɓi na 121 na DHCP, wato tsarin da wayfay yake raba wa na'urori lamba da shi, ya karkatar da bayananka su bi ta wajen VPN alhali manhajar tana nuna komai lafiya. Android bai shiga ciki ba don ba ya karɓar wannan zaɓin. In kwamfuta ce kuma aikin mai muhimmanci ne, haɗa ta da hotspot ɗin wayarka ya fi wayfay ɗin da ba ka san mai shi ba.

VPN na kyauta fa? Wani bincike da aka yi a 2016 tare da hukumar CSIRO ta Ostareliya ya duba manhajojin VPN 283 na Android, kashi 84 cikin ɗari suna yoyon IPv6, kashi 66 suna yoyon DNS, kashi 18 kuwa ba sa ma rufe bayanan kwata-kwata. Binciken ya tsufa gaskiya, amma saba kuɗi take ci, in ba kai kake biya ba ka tambayi kanka wa yake biya.

Kuma ko ka toshe duk waɗannan, in ka shiga Gmail ko Facebook da asusunka sun san kai ne ko daga wace ƙasa lambar ta nuna, haka manhajar da ka ba izinin GPS tana ganin inda kake tsaye. Ka duba izinin wuri na kowace manhaja, ka kuma leƙa split tunneling, wato setin da yake barin wasu manhajoji su bi ta wajen VPN, ko akwai wadda ka taɓa cirewa daga VPN ka manta. Bayan kowane afdet na waya ko na manhajar sai ka sake gwajin, don afdet yakan mayar da setin yadda ya zo daga kamfani.