Kurakuran da mu iyaye muke tafkawa in yaro ya shiga ƙungiyar haɗa mutum-mutumi

Shekara biyu kenan 'yata tana cikin ƙungiyar haɗa mutum-mutumi ta makarantarsu a nan Kaduna, kuma yawancin abin da zan faɗa ni da kaina na yi shi kafin na gane.

Babba a ciki shi ne mu ƙwace aikin daga hannun yaran. Shekarar farko da na ga gangar jikin na'urar tasu a karkace take sai na ɗauka na kai kasuwar masu ƙere-ƙere ta Panteka, wani mai walda ya gyara ta tsaf ta yi kyau, to ranar gasa da alƙalai suka fara tambaya me ya sa kuka sa taya a nan, wa ya auna wannan, sai yaran suka yi tsuru-tsuru don ba su suka yi ba, wallahi abin ya dame ni ƙwarai. A irin waɗannan gasanni bayanin da yaro zai yi da bakinsa maki ne da shi. In za ka taimaka ka kai su Panteka ɗin su ga yadda ake yanka ƙarfe da idonsu, amma awo da zane da ɗaure kusoshi ka bar musu, ko da kuwa ya fito a karkace.

Sai rige-rigen sayen kaya ba a tambayi malamin da ke kula da su ba. Kowace gasa da dokarta, misali FIRST LEGO League da ta samo asali daga Amurka kayan LEGO ake amfani da su, in ka sayo Arduino, wato ɗan allon lantarki da ake sarrafa na'ura da shi, ba za a karɓa a wurin ba duk da yana da amfani sosai wajen koyo. Kafin ka fitar da kuɗi a bari yaron ya gwada haɗa wayoyin Arduino ɗin a shafin gwaji na Tinkercad, kyauta ne a intanet, data kawai zai ci.

Batir kuma don Allah a kula. Irin na lithium da ake kira LiPo ba a barin shi a caji a je a kwanta wai don an kawo wuta cikin dare, yana iya kama wuta, in ka ga ya kumbura a daina amfani da shi nan take.

Akwai masu cire yaro gaba ɗaya da zarar ya shiga SS3 saboda WAEC da JAMB, ni dai gani nake gara a zauna da malamin a rage masa ranaku. Masu 'ya'ya mata kuma yawanci ba aikin ne matsalarsu ba, dawowa bayan magariba ce, to mu haɗuwa muka yi da wasu iyaye na wajen Kawo muka ɗauki mai keke ɗaya amintacce yana kwaso su ƙarfe biyar.

In sun dawo daga gasa kar tambayar farko ta zama na nawa kuka zo. A gasar LEGO ɗin nan minti 2 da rabi kacal ake ba su a kan teburi, sensa ɗaya, wato idon na'urar, ta ƙi ganin layin da za ta bi shi ke nan aikin wata uku ya tsaya cak. Ka ce wa 'yarka me ya lalace, yaya za ku gyara, za ka sha mamakin yawan bayanin da za ta yi maka kafin ta ma cire takalmi.