Yadda ake sa wa kowane akwatin imel iyakarsa ta tace wasiƙun banza

Manhajar SpamAssassin tana ba kowace wasiƙa maki gwargwadon alamun zargi da ta gani a jikinta, kuma idan ba a taɓa saitinta ba, duk wadda makinta ya kai 5.0 sai a yi mata tambarin banza. Sai dai lamba ɗaya ba ta yi wa kowa daidai. Akwatin da ke karɓar saƙonnin masu saye da ba a taɓa hulɗa da su ba yana buƙatar sassauci, domin ɓatan wasiƙa ɗaya ta gaskiya ya fi shigowar tarkace goma ciwo, alhali tsohon adireshin da ya daɗe a bainar jama'a yana buƙatar tsanani.

Idan mai akwatin yana da asusu a kan sabar, wato na'urar da ke karɓar imel, a buɗe fayil ɗin user_prefs da ke cikin jakar .spamassassin ta gidansa, a rubuta required_score 7.0 domin sassautawa, ko 4.0 domin tsanantawa. Idan kuwa akwatunan ba su da asusu a kan na'urar, sai a ajiye lambobin a rumbun bayanai na SQL, a nuna inda rumbun yake da saitin user_scores_dsn, a tayar da spamd, wato sashen SpamAssassin da ke zaune yana tace wasiƙu, da zaɓin -x da -q. Kada a manta da ba spamc, wato ƙaramar manhajar da ke miƙa wasiƙa ga spamd, sunan mai karɓa ta hanyar -u, in ba haka ba za a auna kowa da saitin asusun da ya kira manhajar.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wasiƙa ɗaya mai zuwa ga mutane da yawa. A ƙa'idar SMTP, wadda ake aika imel da ita, da zarar jikin wasiƙa ya gama shigowa, amsa ɗaya tak sabar take bayarwa, ko ta karɓa wa kowa ko ta ƙi wa kowa. Saboda haka ina ganin ya kamata iyakar ƙin karɓa ta zama ɗaya ga kowa, kuma ta zama lamba babba. Rspamd ma, wata manhajar tace wasiƙun banza, idan ba a taɓa saitinta ba sai maki ya kai 15 take ƙi. Iyakar mutum ɗaya kuwa a bar ta sai lokacin sauke wasiƙa a akwatinsa, inda dokar Sieve, wato tsarin rarraba wasiƙu cikin jakunkuna, za ta ƙirga taurarin layin X-Spam-Level da SpamAssassin ke sa wa a kan wasiƙa, kowane tauraro maki ɗaya, ta kai wasiƙar jakar banza. A kai ta jaka, kada a goge ta.

Wajen gyara lambar required_score, a riƙa matsar da ita da rabin maki, sannan a duba abin da ya faɗa jakar har tsawon mako guda kafin a sake taɓa ta.