Yadda ake farautar macen elk a dusar ƙanƙara a ƙarshen lokacin farauta

Elk wata babbar dabbar dawa ce ta tsaunukan yammacin Amurka. Wanda ya san gwanki ya kusa gane girmanta, domin macen takan haura kilo 200. Masu neman ƙaho namiji suke bi a watan Satumba da Oktoba. Mai neman naman da zai ci da iyalinsa kuwa jira yake sai sanyi ya kama, daga Nuwamba zuwa Janairu, ya nemi mace. A wasu yankunan jihar Montana har tsakiyar Fabrairu ana yi. A ganina wannan ita ce farautar da ta fi amfani, don naman mace ya fi laushi, kuma hukuma da kanta take ba da izinin don rage yawan garke.

Fara da takarda. Ka sayi lasisin da ya ce mace, ka duba yankin da aka rubuta a kai, kada ka taka gonar mutum sai da yardarsa. A jihar Kolorado dole mai bindiga ya sa riga da hula masu ruwan lemo ko ruwan hoda mai haske, kuma ba a harbi sai daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta.

Sai neman inda suke. Idan ƙanƙara ta yi zurfi a ƙololuwar tsauni, ciyawa ta binne, yunwa ce take koro su ƙasa. Ka nemi gangaren da ke fuskantar kudu, inda rana ke narkar da ƙanƙara, da tudun da iska ta share. Nan suke kiwo da asuba da kuma yamma lis. Da hantsi ya ɗaga sai su shige duhuwar itatuwa su kwanta. Saboda haka ka hau wuri mai tsayi tun da duhu, ka zauna, ka yi ta dubawa da madubin hangen nesa. Awa guda a zaune ta fi yawon awa uku.

Ƙanƙara ba ta ɓoye sawu, wannan ne alherinta. Sabon sawu bakinsa a tsaye yake, ba a ga ɓurɓushi ya cika shi ba. Ka taɓa kashinsu: in da laushi, bai daskare ba, suna kusa. In ya yi tauri kamar tsakuwa, tsohon sawu kake bi.

Yanzu ga inda yawancin mutane ke ɓata aikinsu, wato iska. Elk na iya jin motsi ta yi shiru tana kallo, amma da ta shaƙi warin mutum an gama. A tsauni iska gangarowa take da sassafe da kuma bayan la'asar sakaliya, da rana ta yi ɗumi kuma sai ta juya tana hawa. Ka tabbata tana bugun fuskarka koyaushe, ko da zagayen zai ci maka awa biyu. Ka tuna garke ne, idanu da yawa, kuma akwai tsohuwar mace mai jan gaba wadda ba ta sakankancewa. In ƙanƙarar ta yi ɓawo tana ƙara a ƙarƙashin takalmi, ka haƙura da sanɗa, ka je ka yi fako a hanyar da suke bi tsakanin makiyaya da makwanci.

Lokacin harbi ka zaɓi guda da ta ware, babu wata a bayanta, domin harsashi irin .30-06 ko .270 yana iya ratsa ta ya sami ta biyu. Ka jira ta ba ka gefe, ka ɗora bindiga a kan jaka ko sanduna, ka auna bayan kafaɗa, ka yi bisimilla. Garke zai watse a guje, kai dai kada idonka ya bar wadda ka harba. Ka ɗan dakata, sannan ka bi jini, a kan farar ƙanƙara ba ya ɓacewa. In ka tarar da sauran rai, ka yanka.

Ka cike takardar lasisin ka ɗaura nan take, sannan ka shiga fiɗa ba tare da jinkiri ba. Kada sanyin gari ya ruɗe ka. Fatar elk kauri gare ta, ƙanƙarar da take kwance a kai kuma riƙe zafi take kamar bargo, don haka naman da ya kwana cikin fata yakan yi tsami ta wajen wuya da ƙugu. Ka feɗe, ka cire cinyoyi da kafaɗu, ka zare naman gadon baya, ka zuba a buhunan yadi ka rataye su sha iska. Jihohi da dama suna so a bar alamar jinsin dabbar manne da wani yanki na naman, kuma barin nama mai ciwuwa a daji laifi ne. A wasu yankunan da ke da cutar CWD, wadda ke ramar da barewa da elk, ana kai kan dabbar gwaji.

Ka zo da tiren roba mai igiya na ja a kan ƙanƙara, da fitilar goshi, da safa busasshiya. Sau da yawa sai an yi sawu uku ko huɗu kafin naman ya isa mota.