Kaushi, cin ruwa da gyambo: kurakuran da muke yi wa ƙafafunmu

Da zarar hunturu ya kama, diddige ne ke fara nunawa. Fata ta bushe ta yi kauri, sai faso ya biyo baya, wani har jini yake yi in an taka. Abin da aka saba shi ne a ɗauki reza a fere kaushin, ko a miƙa wa mai yankan farce ƙafa ya kankare. Fatar nan kuwa tana yin kauri ne don ta kare kanta daga gugar ƙasa da nauyin jiki. In an yanke ta sai ta sake tasowa, sau da yawa kuma rezar kan zarce ta taɓa nama. Ga haɗarin ƙarfen da aka yi wa mutane da dama aiki da shi ba a dafa ba, wanda zai iya ɗauko ciwon hanta nau'in B.

Gyaran ba tsada, haƙuri kawai yake so. A jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi kamar minti 10, a goga da dutsen goge kaushi a hankali, kada a jira sai ja ya fito. A tsane, a shafa man kaɗanya ko basilin tun fatar na da ɗan laushi, a sa safa a kwana da ita. In kaushin ya yi taurin kai, akwai man da ke ɗauke da sinadarin yuriya a kemis, mai kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari. Sai dai duk wannan aikin banza ne muddin za a wuni cikin ƙura da silifas, diddige a waje.

Cin ruwa shi kuma danshi ne abincinsa. Tsakanin yatsu ya yi fari, ya saɓule, ga ƙaiƙayi da wari. Muna alwala a kullum, amma mutum nawa ne ke tsane tsakanin yatsunsa kafin ya zura safa da rufaffen takalmi? Masu shafa mai a wurin ƙara masa ƙarfi suke yi, masu zuba kanwa ko toka kuma ƙona fata kawai suke yi. Haka man nan da ake cewa yana maganin komai, wanda aka haɗa da sitiroyid: ƙaiƙayin zai kwanta, cutar kuwa ta ƙara yaɗuwa. Maganinsa man clotrimazole ko terbinafine ne, a kuma cika kwanakin da aka rubuta, domin clotrimazole kan kai mako huɗu. Daina shafawa ranar da ƙaiƙayi ya tafi shi ke dawo da shi.

Farcen babban yatsa a miƙe ake yanke shi, ba a ƙwaƙule gefensa, in ba haka ba ya tsiro cikin nama. In ƙusa ta soki mutum, kananzir ba magani ba ne. A wanke da sabulu da ruwa mai tsafta, a je a yi allurar rigakafin sarƙewar haƙora, musamman in an haura shekara 5 rabon mutum da ita.

Inda abin ya fi damuna shi ne mai ciwon suga. Suga in ya daɗe sama yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa, yana kuma rage gudun jini. Dattijo sai ya taka ƙaya bai sani ba, ko ya miƙa ƙafa kusa da kaskon gawayi yana jin ɗumi har ta sale. Wani kuma ya fito masallaci da azahar ya taka siminti mai zafi ba takalmi. Da yake babu zafi, sai a ce ai ba komai, a barbaɗa garin magani a ɗaure da tsumma. Haka ƙaramin rauni ke zama gyambo, gyambo ya kai ga ƙashi, a wayi gari likita na maganar yanke ƙafa. Rashin jin zafin nan shi ne alamar haɗari.

Mai suga ya duba ƙafarsa kowace rana, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. In ido ya yi rauni ko sunkuyawa ta gagara, ya sa madubi, ko ɗa ko jika ya duba masa. Ya zazzage takalmi ya laluba cikinsa da hannu kafin ya sa. Ya gwada zafin ruwan wanka da gwiwar hannu, kada ya gwada da ƙafa. Shi ba ya jiƙa ƙafa ya daɗe, ba ya kusantar reza, ba ya liƙa filastar cire kantar ƙafa, don sinadarin da ke ciki na cin lafiyayyar fata. Takalmi kuma da yamma ake sayensa, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. In ya ga ƙuna, bororo, kumburi, ruwa mai wari, ko yatsa ya fara baƙi, asibiti zai nufa a ranar, ko da ba ya jin komai.