Idan an ce za a rage ma'aikata a wurin aikinku, ga abin yi kafin ka sa hannu a komai

Maganar nan ta rage ma'aikata yawanci ta kan fara ne da raɗe-raɗi, sai wata rana a kira mutum ofis a miƙa masa takarda a ce ya sa hannu, shi kuma cikin ruɗewa sai ya sa, daga baya ne yake gane ya yafe haƙƙinsa da kansa. To don Allah kar ka sa hannu a ranar. Ka ce a ba ka kwafi ka je gida ka karanta, babu laifi a wannan.

Abu na farko ka san abin da doka ta ce. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, sashe na 20, ta ɗora wa mai kamfani abu uku: ya sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalilin ragin da yawan waɗanda abin zai shafa, ya bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ne farkon tafiya, sannan ya yi iya ƙoƙarinsa a zauna a sasanta kuɗin sallama. Amma fa ka lura, ƙa'idar nan tana aiki ne a cikin rukunin ma'aikata ɗaya, direba da direba, mai gadi da mai gadi, kuma dokar ta ba mai kamfani dama ya duba ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana, kuma ta wannan ƙofar ce son kai yake shigowa, sai ka ga an bar ɗan uwan manaja da ya zo bara an sallami wanda ya shekara goma ana cewa wai ƙwarewa. Shi ya sa tambayarka, a rubuce ba da baki ba, ita ce: da wane ma'auni aka zaɓe ni, su wa aka gwada ni da su, kuma ina makin da aka ba ni? In an yi gaskiya amsar ba za ta yi wuya ba.

Sai tattara takardu, kuma wannan tun kafin a rufe maka imel na ofis. Takardar ɗaukar aiki, littafin ƙa'idojin ma'aikata, takardun albashi, duk wata takardar yabo ko tantance aiki ta ƙarshen shekara, yarjejeniyar da ƙungiya ta yi da kamfani in akwai. Naka kawai, kar ka kwashi sirrin kamfani ka ba su hujja a kanka. Wannan ya fi muhimmanci ga manajoji da ƙwararru irin su akanta da injiniya, domin Dokar Ƙwadago ba ta sa su cikin waɗanda take kira ma'aikata ba, su abin da ke cikin takardar aikinsu shi ne makaminsu.

Notis ma yana da lissafi a sashe na 11. Wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba sati ɗaya ne, daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5 sati biyu, shekara 5 zuwa sama wata ɗaya, ko a biya shi kuɗin lokacin. Wannan shi ne mafi ƙaranci, in takardarka ta ce wata uku to wata uku ne. Ke kuma 'yar uwa in kina hutun haihuwa, sashe na 54 ya hana a ba ki notis ɗin kora a lokacin.

In kuma ƙarin girma ne aka hana ka ba sallama ba, wannan ya ɗan fi wuyar kamawa, gaskiya, domin kotuna sun sha cewa ba haƙƙi ne da mutum zai tilasta a ba shi ba. Amma hanyar da aka bi ana iya ƙalubalantarta. A aikin gwamnatin tarayya mai mataki na 6 zuwa ƙasa yana shekara 2 kafin ya cancanci a duba shi, na 7 zuwa 14 shekara 3, na 15 zuwa sama shekara 4, sannan sai da gurbi da jarrabawa. In ka cika sharuɗɗa aka tsallake ka aka ɗauki na bayanka, rubuta koke ta hannun oganka, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. In kuma kana ganin addini ne ko ƙabila ko don ke mace ce, sashe na 42 na tsarin mulki ya hana irin wannan wariya, akwai kuma dokar 2018 da ta hana nuna wa masu nakasa bambanci da ta 2014 mai kare masu cutar ƙanjamau. Ka riƙa rubuta rana da abin da aka faɗa da waɗanda suke wurin, domin "na ji a jikina" ba ya tsayawa gaban alƙali.

In cikin gida ya gagara, je wurin ƙungiyarku, sannan ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke jiharku, suna kiran ɓangarorin biyu su sasanta. Ƙarshe sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana zama a Abuja da Kano da Kaduna da wasu garuruwa, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2010 ita ce ke da hurumin shari'ar aiki har da rashin adalci da wariya. Kar ka ja lokaci, musamman in da hukumar gwamnati kake, ka ga lauya da wuri saboda akwai wa'adin shigar da ƙara.

Ka kuma duba asusun fanshonka ko kamfani ya zuba kashi 10 nasa da kashi 8 da yake cira a albashinka, in da watannin da ba a zuba ba ka sa su cikin lissafin sallama. Wanda bai kai shekara 50 ba kuma ya yi wata 4 bai samu wani aiki ba yana iya cirar har kashi 25 na kuɗin asusun, takardar sallamar kamfanin fanshon zai nema don haka ka adana ta da kyau.